Wa ya ja layin da ya raba mai lafiya da mai larura?

Hauwa'u:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun da muka shiga darasin larurorin ƙwaƙwalwa a wannan zangon, kuma na san akwai manyanmu a nan da suka daɗe a wannan fanni na halayyar ɗan Adam.

An ba mu ma'auni huɗu na gane halin da ba daidai ba: ya kauce wa abin da jama'a suka saba, ya jefa mai shi cikin ƙunci, ya hana shi tafiyar da rayuwarsa, ko ya zama haɗari gare shi ko ga wasu. Na haddace su sarai. Amma duk wanda na ɗauka na juya sai ya karye a hannuna. Bahago ya kauce wa yawancin mutane, tunda bahagwai kusan ɗaya ne cikin goma, kuma lafiyarsa ƙalau. Uwar da ta rasa ɗanta tana cikin ƙuncin da ba ya misaltuwa, ba mai cewa ta sami taɓi. Ɗan kwana-kwana kullum cikin haɗari yake da gangan. Ga kuma mutumin da zai cuci jama'a son ransa, ya yi barci lafiya, aikinsa na tafiya, babu ƙuncin komai a tare da shi.

Malaminmu ya ce ba a ɗaukar ma'auni ɗaya, haɗa su ake yi. Na ji. To wa ke yanke guda nawa za a haɗa, kuma wanne ya fi wanne nauyi? Ba don jarrabawa nake tambaya ba. Wata rana mutum zai zauna a gabana ya ce, "Don Allah lafiyata ƙalau kuwa?" Ina so in san da me zan auna shi.

Nasiru:
Wa'alaikumus salam. 'Yar'uwa, amsar tambayarki a fili take: mai ƙarfi shi ke jan layin. A 1851 wani likita a jihar Luwiziyana ta Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa bawan da ke gudu daga ubangidansa cuta ce ke damunsa, har ya raɗa mata suna, ya kuma ba da shawarar bulala a matsayin rigakafi. Mutum yana neman 'yancinsa, likita ya ce ciwo ne. A Tarayyar Sobiyet an riƙa kulle masu sukar gwamnati a asibitin mahaukata da sunan wata sikizofireniya, wato larurar da ke raba mutum da zahiri, mai tafiyar hawainiya, wadda har son kawo gyara a ƙasa aka lissafa cikin alamominta. Abin ya yi muni har ƙungiyar likitocinsu ta fice daga ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya a 1983, don ta ga ana shirin korarta.

Sannan ga gwajin Rosenhan, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, a 1973. Mutum takwas masu lafiya suka je asibitoci goma sha biyu suka ce suna jin murya, aka kwantar da su duka, suka koma halinsu na kullum, amma ba likitan da ya gane. Wani sai da ya kwana 52. Ni daga nan na daina ɗaukar littafin nan na DSM, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ke jera larurori da alamominsu a ciki, da muhimmanci.

Malam Bashir:
Nasiru, misalanka biyu na farko gaskiya ne, kuma ya kamata kowane ɗalibi ya san su. Na ukun ka yi hattara da shi. A 2019 wata 'yar jarida, Susannah Cahalan, ta bi diddigin binciken, ta samo takardun asibitin da aka kwantar da shi Rosenhan ɗin kansa. Abin da ya faɗa wa likita ya wuce jin murya nesa ba kusa ba, har da tunanin kashe kansa. Wane likita ne zai sallami mai wannan magana? Ta kuma gano wani da ya shiga gwajin ya ce an kula da shi da kyau, sai aka cire shi daga lissafi. In za mu tuhumi fanni da rashin gaskiya, hujjarmu ta zama mai tsabta.

Hauwa'u, bari in ja ki baya kaɗan. Wannan tunani na auna mutum da tsaka-tsakin jama'a bai kai shekara ɗari biyu ba. Wani masanin lissafi da taurari ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, shi ya yaɗa shi a 1835. Ya lura in ka auna mutane da yawa, a tsawo ko faɗin ƙirji, yawanci suna taruwa a tsakiya, kaɗan ne a gefe biyu. Wannan gaskiya ne, lissafi ne. Inda aka zame shi ne da aka fara ɗaukar tsakiyar a matsayin yadda ya kamata mutum ya kasance, na gefe kuma kuskure.

Ga misalin da nake ba ɗalibaina. Gwajin kaifin basira an tsara shi ne tsakiyarsa ta faɗa kan 100. A 1959 ƙungiyar da ke kula da wannan harka a Amurka ta sa iyakar raunin basira a kusan maki 85, wanda ya haɗiye kusan kashi 16 cikin ɗari na jama'a. A 1973 ta mayar da iyakar kusan 70, wanda bai wuce kashi 2 da ɗoriya ba. Miliyoyin mutane sun fita daga wannan rukuni ba tare da komai ya canja a ƙwaƙwalwarsu ba. Kwamiti ne ya zauna.

Nasiru:
To ai Malam ka ƙara min hujja ne. Kwamiti ne ya zauna. Shi ke nan, ƙirƙira ce.

Anti Rakiya:
Nasiru ɗana, na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren masu larurar ƙwaƙwalwa, kuma wannan kalma ta "ƙirƙira" tana min ciwo, don na ga abin da take jawowa. Na ga yarinyar da ke wanke hannu har fata ta tsage tana jini, tana kuka tana cewa ta san hannun ba datti amma ta kasa dainawa. Na ga magidancin da ya yi makonni ba ya iya tashi daga shimfiɗa, ba ci ba wanka, yana ganin iyalinsa sun fi samun sauƙi in ba shi. Na ga mai jego da ke tsoron ɗaukar jaririnta. Wane kwamiti ne ya ƙirƙiro musu wannan? Da littafin da babu littafin, azabar tana nan. Kuma da yawansu sun zo a makare ne saboda wani a gida ya ce ba komai ba ne, raki ne.

Layin, e, mutane ne suka ja shi. Haka yake a ciwon jiki ma. A 2017 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka sun sauko da iyakar hawan jini daga 140/90 zuwa 130/80, sai adadin manyan da ake lissafawa da hawan jini a can ya tashi daga kusan kashi 32 zuwa kusan 46 cikin ɗari. Likitoci sun yi ta jayayya a kai, wasu ƙasashen ba su bi ba. Amma ka taɓa jin wanda ya ce don haka hawan jini ƙarya ne? Mutumin da jininsa ya kai 200 shanyewar ɓarin jiki na jiransa ko ina aka sa layin. Rigimar tana kan waɗanda ke bakin iyaka ne.

Nasiru:
Anti, Allah ya ba ki haƙuri, ban raina wahalar marasa lafiya ba. Amma akwai bambanci. Hawan jini akwai na'urar da za a ɗaura a hannu, lamba ta fito, ko likita na son ka ko ba ya so. A namu fannin babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da zai ce wannan ciwon damuwa ne. Magana ce da lura, kuma mai lurar ɗan Adam ne da nasa son rai. Kuma ba a taɓa kulle mutum a ɗaki don jininsa ya hau ba.

Anti Rakiya:
Wannan maganar taka ta ƙarshe gaskiya ce, kuma ita ce ta sa aikin yake da nauyi a wuyanmu.

Zainab A.:
Bari in shigo da wani ɓangaren da ni ya fi damuna. Ko da mun yarda a auna mutum da tsaka-tsakin jama'a, wace jama'ar? A 2008 Jeffrey Arnett ya duba manyan mujallun fannin, ya ga kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi bincike a kansu daga ƙasashen Yamma masu arziki suke, ƙasashen da ba su wuce kashi 12 na al'ummar duniya ba. Kashi 68 Amurkawa ne zalla, kuma da yawansu ɗaliban jami'a ne da ke karanta wannan fanni namu. A 2010 Henrich da Heine da Norenzayan suka nuna cewa waɗannan mutane, a abubuwa da dama, su ne ma na gefe in aka kwatanta da sauran duniya.

Har a gani da ido. Kun san hoton nan na layuka biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya da kan kibiya a buɗe, ɗaya a rufe, sai ka ga kamar ɗaya ya fi tsawo. A shekarun 1960 aka gwada shi a al'ummomi da dama. Amurkawa ne ya fi ruɗa, mutanen San na hamadar Kalahari kuwa da ƙyar ya ruɗe su. Masana na jayayya kan dalili har yau. Amma ni abin da na ɗauka shi ne, duk lokacin da littafi ya ce "mutane suna yin kaza", in tsaya in duba su waye aka gwada.

Abdul:
Zainab, in ƙara miki. Tanya Luhrmann da abokan aikinta sun yi hira da mutum 20 a Kaliforniya, 20 a Akra, 20 a Chennai ta Indiya, duka an tabbatar suna da sikizofireniya kuma suna jin muryoyi. Na Amurka sun fi bayyana muryoyin da zafi da tashin hankali, suna ɗaukarsu alamar ƙwaƙwalwa ta lalace. A Akra da Chennai da yawa sun ce muryoyin na da sauƙi, a Chennai ma sau da yawa muryar dangi ce ke ba su umarni ko yi musu faɗa. Mutum sittin ba su da yawa, amma ya nuna ko ciwon ɗaya ne, yadda ake ɗanɗana shi ya danganta da inda mutum ya tashi.

Hauwa'u:
Na gode ƙwarai. Amma kun ƙara jefa ni cikin ruwa. In ma'aunin shi ne abin da yawancin mutane ke yi a inda mutum yake, to me za mu ce da gwajin Milgram, inda 26 cikin 40 suka ci gaba da danna wa wani mutum abin da suka ɗauka wutar lantarki ce har ƙarshe, volt 450, don kawai mai gudanar da gwajin ya ce su ci gaba? Goma sha huɗun da suka ƙi su ne 'yan tsiraru. Da lissafi za a bi, su ne suka kauce.

Malam Bashir:
Madalla, kin taɓo inda ya kamata. Tambayoyi uku ne muke cakuɗawa da kalma ɗaya: me ya fi yawa, me jama'a suka yarda da shi, me ke da lafiya ga mai shi. Sau da yawa amsoshin na haɗuwa, shi ya sa ba ma lura. Inda suka rabu nan ne ake cutar mutane. Bawan Cartwright ya saɓa wa abin da masu bayi suka yarda da shi, lafiyarsa kuwa ƙalau.

Kuma ga abin da zai girgiza ma'aunin yawa gaba ɗaya. A garin Dunedin na Niyu Zilan ana bin yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973, ana yi musu tambayoyi lokaci bayan lokaci tun suna ƙanana. Da suka kai shekara 45, kashi 86 cikin ɗari sun taɓa cika sharuɗɗan wata larurar ƙwaƙwalwa aƙalla sau ɗaya. Wanda bai taɓa ba shi ne baƙo a cikinsu.

Nasiru:
Ko kuma sharuɗɗan ne suka yi faɗi har suka haɗiye kowa. Allen Frances, wanda ya shugabanci kwamitin da ya rubuta DSM na huɗu, shi da kansa ya fito yana gargaɗin cewa ana mayar da wahalar rayuwa ta yau da kullum ciwo.

Malam Bashir:
Ana iya karanta shi haka, kuma Frances ba ƙaramin mutum ba ne a fannin. Ni na fi karkata ga cewa kamar yadda da wuya ka kai 45 ba ka taɓa kwanciya ciwon jiki ba, haka ƙwaƙwalwa. Da yawa sun shiga sun fita. Amma ba zan ce karatunka kuskure ne ba.

Maman Iman:
Assalamu alaikum. Ni ba ɗaliba ba ce kamar ku, karatu kawai nake a zauren nan, amma yau sai na yi magana. Maigidana ya rasu shekarun baya. Har bayan shekara ta zagayo, in dare ya yi ina jin kamar motsinsa a ƙofa, sau da yawa ina jin kamar ya kira sunana. Ban faɗa wa kowa ba, don tsoron abin da za a ce. Ina aikina, ina kula da yarana, amma kewar ba ta ragu ba. Sai na ji an ce yanzu an sa wa jimami wa'adi, in ya wuce shekara ya zama ciwo. Wallahi abin ya ƙona min rai. Wa ya isa ya ƙirga min kwanakin da zan yi ina kewar mijina?

Anti Rakiya:
Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa, ya raya abin da ya bari. 'Yar'uwa, abin da kika ji ba baƙo ba ne ko kaɗan. A 1971 wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya yi hira da mata da maza 293 da suka rasa abokan zamansu. Kusan rabinsu sun ce suna jin kasancewar mamacin kusa da su, wasu sun ji muryarsa, wasu ma sun gan shi. Yawancinsu sun ce abin na sanyaya musu rai, kuma yawancinsu, kamar ke, ba su taɓa faɗa wa kowa ba.

Malam Bashir:
Amin. Hajiya, bari in fayyace wa'adin, don yadda ake yaɗa shi ya fi yadda yake tsanani. A 2022 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta saka doguwar larurar jimami a littafinta, da sharaɗin wata goma sha biyu ga manya, wata shida ga yara. Littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce aƙalla wata shida. Kin ga su kansu ba su daidaita ba. Amma duka biyun ba kewa kaɗai suke nufi ba. Sai jimamin ya mamaye mutum kusan kullum, ya hana shi aiki da hulɗa da kula da kansa, kuma ya zarce abin da addininsa da al'ummarsa suka sani. Wadda ke aikinta tana riƙe da 'ya'yanta tana kewar mijinta ba ta cikin wannan.

Masu goyon baya sun ce akwai 'yan kaɗan da ke maƙalewa shekara da shekaru, rayuwarsu ta tsaya cak, kuma sai an ba abin suna kafin a yi bincike a samar musu magani. Masu adawa suna faɗin daidai abin da kika faɗa.

Maman Iman:
Na gode Malam, na gode Anti. Hankalina ya ɗan kwanta. Amma ku da za ku zama masu duba mutane, don Allah ku riƙa tambayar mutum kafin ku buɗe littafi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hauwa'u:
Mama, Allah ya ƙara haƙuri. Maganarki ta fi min darasin gaba ɗaya. To ko amsar ke nan? A bar mutum ya faɗa da bakinsa: in yana shan wahala yana neman taimako, larura ce, in ba ya sha, a ƙyale shi?

Anti Rakiya:
Da haka ne da mun huta, 'yata. Ga mafi yawan masu zuwa, e, wannan ya isa. Amma akwai larurar da ke ɗaga mutum sama. Sai ya kwana uku bai runtsa ba kuma bai gaji ba, magana ba tsayawa, ya rabar da abin da ya tara shekaru a mako guda, ya ce bai taɓa jin daɗi irin na yanzu ba. Ki tambaye shi ko yana shan wahala, dariya zai yi miki. Bayan wata biyu in ya sauko ya ga ɓarnar, shi ne zai riƙe hannunki yana cewa me ya sa ba ku tsayar da ni ba. Haka yarinyar da ke ƙin abinci har ƙashinta ya fito, tana kallon madubi tana ganin ƙiba. Wani lokaci ciwon yana taɓa abin da mutum zai gane ciwon da shi.

Abin da nake yi shi ne in fara auna mutum da kansa kafin in auna shi da kowa. Yaya yake a da? Mai shiru tun yarinta, shirunsa ba labari ba ne. Mai surutu da ya yi tsit wata biyu, wannan labari ne. Sai in tambayi yaushe ya fara, me ya faru a lokacin, yana barci, yana ci, yana fita. Kuma kafin a ce ƙwaƙwalwa, a duba jiki. Zazzaɓi mai zafi, matsalar maƙoƙo, farfaɗiya, ƙarancin sukari, ƙwaya, har wasu magungunan asibiti, duk suna iya canja hali.

Nasiru:
Anti, wannan na "yaya yake a da" ya shige ni. Amma wa zai ba ki labarin da? Dangi. To in dangin ne matsalar fa? Yarinya ta ƙi auren da aka zaɓa mata, ko yaro ya bar hanyar da uba ya shata masa, sai a kawo shi a ce ya canja. Ai ta wannan ƙofar Cartwright zai sake shigowa.

Zainab A.:
Littafin DSM kansa ya rubuta cewa saɓani tsakanin mutum da al'ummarsa, na siyasa ko na addini, ba larura ba ne sai in ya samo asali daga wata matsala a cikin mutumin. Sai dai rubutu daban, abin da ke faruwa a ɗakin duba marasa lafiya daban.

Anti Rakiya:
Yana faruwa, Nasiru, na gani da idona. An taɓa kawo mana matashiya, mutum huɗu suka rako ta, kowa na magana ban da ita. Shi ya sa ba na yarda in ji labari daga baki ɗaya. Ina fitar da kowa in zauna da mara lafiya shi kaɗai, sannan in ji dangi, in da hali ɗaya bayan ɗaya, sai in ga ko labarin ya haɗu. Ita wannan da aka fita aka bar mu, magana ta yi tiryan-tiryan, ta san rana, ta san inda take, tana barci, tana zuwa makaranta, dalilinta a bayyane. Na rubuta abin da na gani na kai wa likita, shi ma ya zauna da ita, aka sallame ta a ranar. Dangin ba su ji daɗi ba.

Hauwa'u:
Anti, da likitan ya saurari dangin ya ƙi sauraronki fa?

Anti Rakiya:
Sai in rubuta a fayil cewa ban yarda ba, da dalilina, in sa hannu da kwanan wata, in nemi wani likitan ya sake dubawa. Ke ma in kin fara aiki ki riƙa rubuta abin da mutum ya faɗa da kalmominsa, da abin da kika gani da idonki, daban da fassararki. Wanda zai buɗe fayil ɗin bayanki yana buƙatar ya iya saɓa miki.